Kyautar ɗan kwangila da haƙƙin mutanen bakin dogo

Ranar 2 ga Disamba, 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin ginin Jami'ar Sufuri a Daura. Kuɗin aikin, dala miliyan 50, an ce ba daga baitulmalin Najeriya za su fito ba. Kamfanin CCECC, wanda ke shimfiɗa mana layin dogo, shi ya ɗauki nauyin ginin a matsayin gudummawarsa ga al'ummar da yake cin abinci a cikinta. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa jami'ar, yanzu kuwa akwai 'ya'yan mutane a azuzuwanta suna karatu. Yaba kyauta tukwici, kuma na yaba har zuciyata. Duk wanda ya san yadda yaranmu ke cin jarrabawa su zauna a gida shekara biyu, uku, don rashin gurbi, ba zai raina sabuwar jami'a ba, ko a wane gari aka kafa ta.

Sai dai tun daga ranar wani abu ke cin raina. Idan aka ce kamfani ya sauke haƙƙin al'umma da ke wuyansa, wace al'umma ake nufi, kuma wa ya lissafa haƙƙin kafin a ce an sauke shi?

CCECC ba kamfanin wani attajiri ba ne da zai farka da safe ya ce zai yi sadaka da dukiyarsa. Mallakar gwamnatin ƙasar Sin ne. An kafa shi a 1979, daga sashen ma'aikatar jiragen ƙasa ta Sin da ke kula da ayyukan taimako a ƙasashen waje, wato sashen da ya jagoranci gina layin da ya haɗa Tanzaniya da Zambiya. Yau reshe ne na babban kamfanin CRCC, shi ma na gwamnati. A ƙasar nan kuwa hannunsa ya kai wurare da yawa. Shi ya gina layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016. Shi ya gina na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a watan Yunin 2021, da jirgin cikin garin Abuja, da sababbin gine-ginen saukar fasinja a filayen jiragen sama na Abuja, Fatakwal, Legas da na Malam Aminu Kano. Mafi yawan kuɗin waɗannan ayyuka rance ne daga bankin Exim na Sin. Layin Abuja zuwa Kaduna kaɗai ya ci rancen dala miliyan 500, na Legas zuwa Ibadan kuwa kwangilarsa ta kai wajen dala biliyan ɗaya da rabi. Rancen nan mu za mu biya, mu da 'ya'yanmu, da kuɗin ruwansa.

Ministan sufuri na wancan lokaci, Rotimi Amaechi, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa shi ya matsa wa kamfanin lamba kafin a sa hannu a kwangila: a kai yaranmu Sin su koyi aikin dogo, a gina jami'a, a kafa masana'antar harhaɗa taragai, wadda aka gina a Kajola ta jihar Ogun. Idan haka ne, to abin yana da suna a kasuwarmu. Sunansa gyara. Ka sayi tiya goma ta gero a Dawanau, mai hatsi ya cika tafin hannu biyu ya ƙara maka. Ba wanda zai ce gyara haram ne, kuma mai saye da ya san ciniki yakan nemi gyaransa da bakinsa, yadda ministan ya yi. Amma kowace uwar gida ta san daga inda gyara ke fitowa: daga ribar da aka ci a kanta. Ta kuma san cewa idan ta zuba wa gyaran ido ta manta da duba ko an cika tiyar, ita ce da asara. Dala miliyan 50 a gefen biliyan ɗaya da rabi, kashi uku ne da 'yan kai cikin ɗari.

Tiyar nake so mu duba. Ga kamfanin injiniya, tiyar ita ce aikin kansa: yadda ya haƙa, yadda ya cike, inda ya bi da ruwa, yadda ya riƙe leburorinsa, da abin da ya bari a kan mutane da hannayensu ranar da ya kwashe katafilolinsa ya tafi.

Na ga wannan da idona a ƙauyen kakannina na wajen uwa, shekaru da dama da suka wuce. Wani kamfanin gina hanya ne, ba wanda nake magana a kansa ba, kuma ba zan kama sunansa ba. Hanyar ta ratsa gefen gonar kawuna. An tayar da ciko sama da tsayin mutum, aka danne shi da marmara, ba a sa kwalbati a inda ruwa ya saba bi tun zamanin iyaye ba. Damina ta farko bayan aikin, ruwa ya zo ya tarar da bango, ya kwanta a gonar. Na je a watan Agusta na tarar da gero tsaye cikin ruwa har gwiwa, ganyen ya yi rawaya, ƙasan karan ya fara ruɓewa yana wari. Can gaba kaɗan ga wani ƙaton rami da tifofi suka yi wata da watanni suna ɗibar ƙasa, an bar shi baki buɗe, gefensa a tsaye kamar rijiya. Ya cika taf, yara suna tsalle a ciki, iyaye mata suna tsaye daga nesa suna ƙwala musu kira. Burtalin da Fulani ke bi da shanu zuwa mashaya shi ma cikon ya datse shi, sai shanun suka koma ratsa gonaki, rigimar da ba a san ta ba a garin ta fara kai mutane gaban dagaci.

A bakin kasuwar garin kuwa, kamfanin ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kafa allo mai ɗauke da sunansa da manyan baƙaƙe. An yi taron buɗewa, an ɗauki hotuna. Na ce wa kawu, «Kawu, ai ko ba komai sun bar muku ruwan sha.» Ya daɗe yana kallon gonar kafin ya amsa. Ya ce, «Ɗana, ruwan da na roƙe su shi ne su fitar min da wannan. Na bi su har sansaninsu sau uku, mai gadi ya ce manya ba sa nan.» Kwalbati ɗaya ce buƙatarsa. Kuɗinta bai kai na allon da rumfunan taron ba. Shekaru huɗu ya yi yana asarar wannan ɓangaren gonar, daga baya ya haƙura ya bar shi ya zama fadamar da ba ta noma komai sai sauro.

Tun daga lokacin, duk sanda na ji kamfani na lissafa alheransa, sai in tuna ƙa'idar da malamanmu ke bi wajen rabon gado: ana fara biyan bashin mamaci kafin a zartar da wasiyyarsa. Wasiyya alheri ce, amma tana jiran bashi. Kwalbatin kawuna bashi ce. Cike ramin nan, ko a gyara gefensa a mayar da shi madatsar da jama'a za su amfana, bashi ne. Barin mashigi ga shanu bashi ne. Hular kwano da takalmi ga lebura, da kuɗin magani idan ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, da takardar ɗaukar aiki da za ta hana a sallame shi da baki ranar da aka ga dama, duk bashi ne. Rijiyar burtsatse tana zuwa ne bayan waɗannan.

Abin da ke sa batun ya fi tsanani idan kamfanin na gwamnati ne shi ne inda ake yanke shawara. Kamfani mai zaman kansa yana tsoron masu hannun jari da zubewar suna. Kamfanin gwamnati kuwa, balle na wata ƙasa, gwamnati yake kallo: tasa da ta turo shi, da tamu da ta ba shi aiki. Magana tana ƙarewa tsakanin minista da manajan darakta, a Abuja ko a Beijin. Saboda haka alherinsa yakan gangara ne zuwa inda idon masu mulki yake. Ba na faɗin haka don in ci mutuncin Daura, garin tarihi ne da ya cancanci jami'a, kuma layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke ginawa, zai bi ta can. Amma gaskiya ita ce, ranar da aka aza harsashin, ƙurar aikin CCECC ba a Daura ta tashi ba. Ta tashi a Jere da Rijana da Kakau, da garuruwan Ogun da Oyo. Ga kuma Zariya, tsohuwar mahaɗar jiragen ƙasa, inda Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya take tun 1986, ga Jami'ar Ahmadu Bello da tsangayar injiniyanta. Da an shimfiɗa maganar a faifai, wataƙila Daura ɗin za a sake zaɓa, wataƙila a ce a zuba kuɗin a ƙarfafa abin da ke ƙasa. Ba a shimfiɗa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a tambaye shi ba.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. Indiya ta yi abin da ƙasashe kaɗan suka yi: a dokar kamfanoni ta 2013, sashe na 135, ta wajabta wa duk babban kamfani, har da na gwamnati irin su BHEL mai ƙera injinan lantarki, ya kashe aƙalla kashi 2 cikin ɗari na matsakaiciyar ribarsa ta shekaru uku a ayyukan al'umma. Dokar ta fara aiki a watan Afrilun 2014. Dole hukumar daraktoci ta kafa kwamiti, ta bayyana a rahoton shekara nawa aka kashe da kuma a ina. Dokar ta ma ce a fifita yankin da kamfanin ke aiki. Duk da haka, a 2018 babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya soki kamfanonin man fetur biyar na gwamnati saboda sun ɗebi kusan rupi biliyan ɗaya da rabi daga kuɗin al'umma sun zuba a ginin mutum-mutumin Sardar Patel mai tsayin mita 182 a jihar Gujarat, jihar firaminista. Kuɗin kamfanin gwamnati, ko a can, yana jin kiran mai mulki. Abin da ya burge ni a labarin shi ne an kama, kuma an kama ne saboda akwai doka da ta ce a rubuta, akwai kuma wanda aikinsa ne ya karanta abin da aka rubuta. Ita ma Sin, tun 2008 hukumar da ke kula da kadarorin gwamnati ta fitar wa manyan kamfanoninta ƙa'idojin sauke nauyin al'umma, manyan cikinsu kuma suna buga rahoto duk shekara. Ke nan idan muka nemi a rubuta mana, ba baƙon abu muka nema ba.

Mu fa? A harkar man fetur, dokar 2021 ta tilasta wa kamfanonin haƙo mai su zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata a asusun amintattu na al'ummomin da suke aiki a cikinsu. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara. Ana ta ƙorafi a kan yadda ake aiwatar da su, amma ko banza akwai takardar da mutum zai ɗaga a gaban alƙali. Manomin da dogo ko babbar hanya ta raba gonarsa biyu ba shi da irin wannan takarda. Abin da yake da shi shi ne dokar filaye ta 1978, wadda ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ce idan an karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar abin da ke kansa za a biya, amfanin gona da itatuwa da gini. Gonar da ta ciyar da gida tun kaka da kakanni, sai a ƙirga mangwaro uku da kunyoyin masara na bana a ce an sallami mai ita. Biyan diyya aikin gwamnati ne, ba na ɗan kwangila ba, dole a faɗi wannan don adalci. Amma ɗan kwangila ne ke shiga gonar da katafila, shi mutane ke gani, kuma yana da bakin da zai ce ba zai fara ba sai an biya. Akwai kuma dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ta ce a baje rahoton jama'a su gani su yi magana. Rahoto mai ɗaruruwan shafuka da Turanci, a ajiye a ofis a babban birnin jiha, wane manomi ne zai gan shi? A fassara gundarinsa da Hausa da Fulatanci da Gbagyi, a karanta a rediyo, a karanta a ƙofar dagaci ranar kasuwa. Wannan bai kai kuɗin tayar tifa ɗaya ba.

Akwai kuma bashin da ya fi kowanne nauyi, wanda a kansa ne nake ganin jami'ar Daura za ta iya zama abu babba ko ta tsaya a gini kawai. Bashin ilimin aikin ne.

Jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Da shi aka kwashe dalar gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku. Turawa sun gina shi ne don amfanin kansu, amma a cikin shekarun nan an samu 'yan ƙasa da suka iya aikin da hannunsu. Ina yaro na san wani dattijo a Sabon Garin Zariya, tsohon ma'aikacin reluwe, aikinsa duba ƙafafun taragai. Yana da wata 'yar guduma mai doguwar ƙota da ya ajiye har bayan ya yi ritaya. Yakan nuna mana yadda yake bi yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa, ya karkata kai ya saurara. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dakushe take. Na taɓa tambayarsa, «Baba, wa ya koya maka?» Ya ce wani ne da ya riga shi, shi ma wani ya koya masa, shekara bakwai yana bin sa da gudumar kafin a yarda ya duba shi kaɗai. Irin wannan sarƙa ce ke riƙe jirgi a kan dogo. Da reluwe ta durƙushe, sarƙar ta tsinke, dattijon ya rasu bai miƙa wa kowa gudumarsa ba.

Kuma mun sha ganin yadda gyaran baƙo ke ƙarewa. A 1979 gwamnati ta ɗauko RITES, kamfanin injiniya na gwamnatin Indiya, ya riƙe Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya har zuwa 1982. Jirage suka farfaɗo, Indiyawan suka tafi, abu ya koma gidan jiya. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba CCECC kwangilar sama da dala miliyan 500 don gyaran layuka da kawo kawunan jirgi da taragai. Bayan 'yan shekaru aka sake tsayawa. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta sa hannu da kamfanin a kan dala biliyan 8.3 don sabon layin Legas zuwa Kano, gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar, daga baya aka yanka aikin gunduwa-gunduwa, su ne muke hawa yau. Sau uku ke nan ko fiye muna kiran baƙo aiki ɗaya.

Ko layin Tanzaniya da Zambiya, wanda Sinawa ke alfahari da shi, kuma sun cancanci alfaharin, darasinsa ke nan. Bankin Duniya da ƙasashen Yamma sun ƙi ba shugabannin ƙasashen biyu, Nyerere da Kaunda, kuɗin. Sin, tana cikin talaucinta, ta ba da rance marar ruwa, ta turo dubban ma'aikata, aka gina kilomita 1,860 daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi tsakanin 1970 da 1975. Sinawa fiye da 60 sun mutu a aikin, kaburburan da yawansu na nan a Tanzaniya. Sun bar ɗakunan gyara, sun bar makarantar horo a Mpika. Layin ya taɓa ɗaukar kaya sama da tan miliyan ɗaya a shekara, amma zuwa 2015 ya faɗo ƙasa da tan dubu 100, saboda rashin kayan gyara, rashin kuɗin kula, da riƙon sakainar kashi. A watan Satumban 2024 ƙasashen uku suka sa hannu a Beijin don a sake farfaɗo da shi. Makaranta kaɗai ba ta ceci layin ba, domin masu layin ba su riƙe nasu ɓangaren ba.

Shi ya sa ba na ɗora wa kamfani kayan da ba nasa ba. CCECC ya kai ɗalibanmu jami'o'in Sin, ciki har da ta Central South da ke Changsha, sun karanto injiniyan dogo sun dawo. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, ya fi min kowane gini. Amma injiniya ba ya nuna a aji. Yana nuna ne a bakin aiki, ranar da aka miƙa masa zanen gada aka ce lissafa, aka bar shi ya yi kuskure a takarda babba ya gyara masa. Yaron da ya dawo da digiri daga Changsha aka tsayar da shi yana tafinta tsakanin injiniyan Sin da leburori, an yi asarar karatunsa. Wanda gwamnati ta bar shi yana yawo da takardu a ma'aikatu yana neman aiki, an yi asara biyu. A watan Fabrairun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5, wanda ya ce a fifita ƙwararrun gida a kwangilolin injiniya, kada kuma a ba baƙo bizar aikin da ɗan ƙasa ya iya. Umarnin na nan. Majalisar COREN mai rajistar injiniyoyi na nan. Abin da ya rage shi ne wani ya shiga sansanin aiki ya ƙirga: injiniyoyin gida nawa ne a ɗakin zane, nawa ne a sashen sigina, littattafan kula da injinan da wane harshe aka rubuta su, kuma a hannun wa makullan na'urorin suke.

Ina hawa jirgin Kaduna, kuma ina jin daɗinsa. A shekarun da hanyar Abuja ta zama tarkon masu garkuwa da mutane, jirgin nan ya tsare rayuka masu yawa. Harin 28 ga Maris, 2022, da aka kashe fasinjoji aka sace wasu da dama, ya tsayar da shi har zuwa Disamba, kuma a watannin nan kowa ya san darajarsa. Amma idan na zauna kusa da taga ina kallon ƙauyukan da muke wucewa, yara suna ɗaga mana hannu, mata da itace a ka suna jiran mu shuɗe su tsallaka, sai in ji nauyi. Yawancinsu ba su taɓa shiga jirgin ba. Su ne kuma idon farko da zai ga baƙuwar fuska tana kwance ƙusoshin layi da dare. Mutumin da aka mutunta shi lokacin gini, aka ɗauki ɗansa aiki, aka bar wa shanunsa mashigi, zai ɗauki layin nasa ne ya kai rahoto. Da ɗan gari akan ci gari, ko a harkar tsaro.

Yanzu CCECC na kan aikin layin Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, wanda aka ƙaddamar a watan Yulin 2021, kuma zai ratsa ƙasar noma mai cike da mutane, ta Zariya har cikin Kano. Tun da aka gyara tsarin mulki a 2023 jihohi ma sun samu ikon gina nasu layukan, ke nan kwangiloli na nan tafe, kowace da irin gyaran da za a yi mana alkawari. Ina roƙon 'yan majalisarmu da gwamnoninmu su karɓi gyaran, amma su sa a rubuta shi a cikin kwangila da adadinsa da ranar kammalawa, a buga kowa ya gani, babban mai binciken kuɗi na tarayya ya bi sawu. A ware wani kaso na kuɗin ga garuruwan da aikin ya ratsa, su zaɓi abin da suke so a zaman da manoma da makiyaya da mata ke da baki, ba hakimi da kansila kaɗai ba. Kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai an bi ramukan da ya haƙa ɗaya bayan ɗaya an ga ya rufe ko ya gyara. A kowane sansani a sa ofishi mai buɗaɗɗiyar ƙofa da ma'aikaci mai jin harshen mutanen wurin, da littafin da ake rubuta koke da ranar da aka amsa shi, don kada wani dattijo ya sake takawa sau uku mai gadi ya mayar da shi.

Jami'ar Daura kuwa, yanzu tamu ce, albashinta da wutarta da kayan ɗakunan gwajinta duk a wuyan gwamnatin tarayya suke. Abin da nake fata daga kamfanin da ya gina ta shi ne ya buɗe wa ɗalibanta sansanoninsa. Kowane ɗalibi ya yi watanni a kan layin Kano yana awo da safiyo, yana zuba kankare, yana kwance injin yana ɗaurawa a Kajola. A cikin aikin da za a ba su kafin su kammala, a tura su ƙauyukan bakin layi bayan ruwan Agusta, su bi da ƙafa, su tambayi masu gonaki inda ruwa yake bi da can da inda yake kwanciya yanzu, su zana kwalbatin da ta dace, a kuma gina ta kafin wata daminar.